Barewar Mushe Lusiyan

Ranar sunan jikar yayana a Stains, gefen Paris, ana tsakiyar cin shinkafa, ƴarsa Rakiya mai karatun injiniya ta miƙo mini wayarta. Ta ce, "Tonton Isufu, ashe aikin naka ke nan? A zuba gari, a ja hannu, harsashi ya faɗo. Minti uku bidiyon ya yi. Shi ne ka shekara ashirin da biyar a kai?" Samari da ƴan mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba. Na ce mata marsi, na gode, na ci gaba da cin abincina. Amsa ba ta zo mini ba sai a jirgin komawa Lyon, kamar yadda ta saba yi mini, sai an watse. To ga ta nan, ku duka nake ba.

Ni dai karatun shimi, wato kimiyyar haɗa sinadarai, shi ne ya kawo ni Paris daga Damagaram. Shekara biyu muna kallon juna da shi, ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, muka rabu ba faɗa. Na koma sauke katan-katan na takalma a manyan magaza, ɗakunan ajiyar kaya, na unguwar Aubervilliers, har ranar da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce mini akwai wani tsoho mai shagon bindigogin farauta da ke neman wanda ya san sikeli. Na ce ai ni ne sarkin sikeli. Tsohon sunansa Gaston. Na gaishe shi da "Mushe Gaston" wato Malam Gaston da faransancin bakinmu, yadda muke kiran malamanmu a lakwal, makarantar boko, shi yana jin daɗin ladabi, ni ina danne dariya, don kun san abin da mushe ke nufi a bakinmu.

Wata shida na farko ban taɓa albarushi ba. Bokiti yake dire mini cike da kwanson harsashi na tagulla da aka riga aka harba, in ɗauki ɗaya-ɗaya in juya a gaban fitila ina neman tsaga. Tsagar kuwa wani lokaci ba ta kai gashin gira ba. In na ce na gama, sai ya tsoma hannu cikin waɗanda na ce lafiyarsu ƙalau, ya zaro ɗaya, ya kanga mini a hanci, ba ya cewa uffan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwanso mai tsaga in aka sake cika shi, a fuskar mai bindiga yake fashewa, kuma mai bindigar nan yana da mata da ƴaƴa.

Ranar da ya yarda na zauna gaban sikeli, ya ba ni littafin awo ya fita shan kafe. Littafin ya ce a sa "grain" kaza na albarushi. Ni da faransancina na lakwal na san grain ƙwaya ce, ƙwayar gero, ƙwayar dawa. Sai na nemo matsefata, na shimfiɗa farar takarda, na zauna ina ƙirga ƙwayoyin albarushi ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje, ina jin yau ɗan kimiyya ya samu wurin aiki. Ya dawo ya tsaya a kaina ya daɗe. Da ya gane abin da nake yi, dariya ta kama shi har sai da ya zauna a kan bokitin kwanso. Ashe grain ɗin nan sunan wani awon nauyi ne da Amerikawa ke aiki da shi, ba ruwansa da ƙirga. Har ya bar aiki, duk wanda ya shigo shagon sai ya nuna ni ya ce, "Ga mai ƙirga."

Yanzu ki saurara, Rakiya, ga abin da bidiyonki bai nuna ba. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, da amorsi, wato ɗan maɓallin da ke gindinsa mai tada wuta, da albarushi, da kan da ke fita ya sami dabba. Doka ba ta yarda mu cika a bayan shago mu sayar wa mutum ba, kowane mafarauci mai takarda da hannunsa yake cika nasa. Namu shi ne mu sayar masa da kayan, mu tsaya a kansa in yana koyo, mu zaɓar masa kai. Jan hannun pres, injin cikawar, kam ko biri aka nuna wa zai iya. Zaɓen kan nan shi ne sana'ar. Akwai kai marar nauyi mai laushi, da ya taɓa nama sai ya buɗe nan take, an yi shi don ƙaramar dabba mai siririn ƙashi. Akwai mai nauyi mai taurin rai, wanda ke fasa ƙashi ya wuce ciki bai wargaje ba, don babbar dabba. A ido kusan ɗaya suke, kuma bindiga ɗaya ke harba su. In ka ba mutum wanda ya dace, dabbar ta faɗi ba ta san abin da ya same ta ba. In ka ba shi wanda bai dace ba, ta tafi da rauni cikin daji.

Sikelin da nake aiki da shi har yau na Gaston ne, mai hannu, ba na lantarki ba. Numfashi ma yana motsa shi. Kafin in zauna sai na rufe taga, na kashe waya, na gaya wa kowa ba na nan. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke hawa benci, in za a canza sai an mayar da na farko cikin kabad an rufe, don albarushi iri-iri ne, kamarsu ɗaya, halinsu ba ɗaya ba. Bayan an zuba kuma a ɗauki tocila a leƙa kowane kwanso, layi-layi, a tabbata ba wanda aka tsallake, ba wanda aka zuba wa sau biyu. In aka yi maka magana kana tsakiyar layi, ka juye layin ka sake daga farko. Na taɓa sake layi ɗaya sau uku saboda wani yana son ba ni labarin ƙwallo.

Da Gaston ya rufe shago zai koma ƙauyensu, ya haɗa ni da wani abokinsa mai shago a bakin Lyon. Na tare a unguwar Guillotière, saman wani mai sayar da kuka da busasshen kifi, nan na yi aure, nan furfura ta same ni. A shago kuwa sannu a hankali na zama wanda ake tambaya. Mutum ya shigo, maigida na tsaye, sai ya ce, "Ina Isufu?" Na sha ganin masu farautar aladen daji sun yi layi suna jiran shawarar Bahaushe mai salla biyar, ni kuwa ina gaya wa zuciyata ai rage aladen nake taimakawa a yi.

Akwai wani likitan haƙori da ya zo da sabuwar bindiga, ya ce littafin awo na matsorata ne, shi zai ƙara a kan abin da aka rubuta don harsashinsa ya fi na surukinsa gudu. Na ce, "Dokta, in na zo ka cire mini haƙori, zan ce ka ƙara mini allura don ta fi ta maƙwabcina?" Ya ce ba ɗaya ba ne. Na ce to a bencin nan littafi ne likita. Ya fita da fushi ya je ya yi abinsa a gida. Bayan wata biyu sai ga shi da makullin bindigar a cije, sai da muka sa gudumar roba, shi kuwa ya tsaya yana kallon rufin ɗaki yana fito. Ni dai na kira shi dokta sau bakwai. Irin waɗannan ne suka kumbura mini kai, har na kai ina faɗi a gaban mutane cewa ni ban taɓa ba kowa kan da bai dace ba. Da bakin nan nawa na faɗa.

Cikin masu zuwa akwai Mushe Lusiyan, tsohon direban bus, ya haura saba'in da biyar. Duk Alhamis yake zuwa, ko zai saya ko ba zai saya ba, ya ja kujera a bencin baya inda muke barin tsofaffin abokan shago su cika nasu. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, ido ne ya fara gajiya. Ƙananan rubutun kwali ya daina ganinsu, sai ya ce, "Isuf, karanta mini." Daga baya ma ya daina cewa, ni nake buɗe kwalin in zube masa a faranti. Ta madubin bindiga dai yana gani sarai, in ji shi. Ƴarsa Silbi ba ta yarda ba, ta daɗe tana so ya ajiye bindigar, abokan farautarsa ma sun fara yi masa kallon gefe.

Sai aka shiga shekarar da kaya suka ɓace. Amorsi babu, albarushi sai a ɗiga mana, kawunan harsashi kwali biyar za su zo, shago cike da masu jira. Na buɗe kaye, littafin rubutu, ina rubuta sunan kowa da abin da yake jira. To Faransawan nan, Allah ya ba su iya karatu a kife. Mutum zai jingina da kanta kamar yana duba wuƙa, ashe kayena yake karantawa, sai ka ji, "Yaya aka yi Pol ya riga ni?" Sau biyu aka kusa ba hammata iska a shagon. Sai dabara ta zo mini, na koma rubuta kayen da Hausa, sunayen ma na mayar laƙabi. Su leƙa su ga "Mai Tumbi, aladen daji, kwali biyu," ko "Sarkin Ƙorafi, kada a ba shi sai ya yi sallama," su yi tsuru-tsuru su koma. Kai, ranar na ji ni gwani ne, har gida na kai labari.

Ga abin kunyar. A gida muna da gada, muna da barewa, muna da gwanki da mariri, kowace da sunanta, kakana ba zai taɓa haɗa su ba. Ni da na zo nan, duk abin da ke da ƙaho yana gudu cikin daji na yi masa kuɗin goro, na ce barewa. Alhali dabba biyu ce. Chevreuil ɗan ƙarami ne, bai fi akuyar gida ba, mutum ɗaya sai ya saɓa shi a kafaɗa. Cerf kuwa, babban namijin, kusan bijimi ne, ƙahonsa kamar reshen itace, sai mutum huɗu sun ja shi. Da faransanci ban taɓa rikita su ba. Da Hausata ta cikin kaye, duka biyun barewa.

Cerf ba a harbinsa haka kawai. Ƙungiyar su Lusiyan, a wani ƙauye cikin duwatsun Bugey, munduwar roba ɗaya tak ake ba su a shekara ta babban namiji, wadda ake ɗaura wa dabbar a ƙafa in an kashe ta, kuma ƙuri'a suke jefawa a kanta. Lusiyan ya yi shekara da shekaru yana sa hannu cikin hula yana zaro fanko. A watan Yuni na shekarar nan ya bugo mini waya. Ni kuwa ina da mutum biyu a gaban kanta suna gardama, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ya ce, "Isuf, ta faɗo kaina! Cerf! Ka nemo mini kai mai kyau." Na ce madalla, madalla, na rubuta "Tsohon Direba, barewa," na ajiye waya na koma rabon faɗa.

Kaya ba su iso ba sai Satumba. Na buɗe kaye, na ga barewa. Lusiyan kuwa tun da na san shi chevreuil yake farauta duk shekara. Ban ko tsaya tunani ba, na ware masa kwalin marasa nauyi masu saurin buɗewa, har ina yaba wa kaina da na ɓoye masa su kafin Mai Tumbi ya gani. Ran Alhamis ya zo, na zube masa a faranti, na tsaya kan sikeli yana cikawa. Za ku ce ai da ya ambaci dabbar sai in farga. Bai ambata ba. Yana da camfi, ba ya kiran sunan abin da zai farauta kafin ya same shi, sau ɗayan nan a waya murna ce ta ƙwace masa baki. "Shi" kawai yake cewa. Ya ɗaga kai ɗaya tsakanin yatsu ya ce, "Isuf, wannan zai yi masa kuwa? Kamar ba nauyi." Na ce, "Mushe Lusiyan, har ya yi masa yawa. Ni ne fa." Muka je filin gwaji, ya harba uku, huda ukun suna taɓa juna a takarda, muka tafa. Takarda dai ba ta da ƙashi.

Wata Asabar cikin Oktoba, da magariba, ana shirin rufewa, Silbi ta shigo shago da jakar bindiga ta dire mini a kan kantar shago. Ta ce, "Mushe Isufu, ku sayar da ita." Na ce lafiya? Ta ce babanta ya harbi cerf da safe, ya faɗi, ya tashi, ya shige daji. An kira mai karen bin jini, sun bi har rana ta yi sanyi ba su same shi ba, sai gobe. Bernar, shugaban ƙungiyar, ya faɗa a gaban kowa cewa tsoho ya daina gani, a ciki ya sami dabbar ko a cinya. Ta ce, "Ya gama. Na karɓe ta, bai ko yi mini gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan." Na leƙa ta gilashi, ga shi can cikin mota, hula ta rufe masa ido.

Kalma ɗaya na ji cikin duk bayaninta: cerf. Muryarsa ta watan Yuni ta dawo mini a kunne tar. Kun san abin da gwanin naku ya yi? Na karɓi bindigar, na cika takardar ajiya da kyakkyawan rubutu, na yi mata jaje, na raka ta bakin ƙofa. Sai da motarsu ta sha kwana na buɗe kaye na zuba masa ido, kamar rubutun zai canza don na daɗe ina kallonsa.

Na isa gida matata Hadiza tana tuƙa tuwo. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Wa ya mutu?" Na gaya mata duka. Sannan na shiga kare kaina, na ce ai ba tabbas, in a ciki ya same shi kamar yadda Bernar ya faɗa, ko wane kai na ba shi haka za ta faru. Ta ajiye muciya. Ta ce, "Malam, wato fata kake tsohon nan ya makance don kai ka fita?" Na ce haba Hadiza. Ta ce, "Ba wani haba. Gobe ka mayar wa mutum da bindigarsa." Gaskiyarta, fatan da nake yi ke nan, kuma na ji kunya da ta karanta shi a fuskata.

Da sassafe na biya shago na ɗauki bindigar, na sa kaye a aljihu, na kama hanyar Bugey da takalmin zuwa Juma'a, don ni duk shekarun nan da nake sayar da kayan daji, a kalanda nake ganin dajin. Na tarar da su a bukkar ƙungiya, mutum goma sha ɗaya cikin riguna ruwan lemo. Lusiyan na zaune a benci gefe guda, Silbi kusa da shi, ba mai yi masa magana. Ya gan ni ya ce, "Isuf, har ka zo? Na kunyata harsashinka." Na taɓa kayen a aljihu, na bar shi a nan. Na ce zan bi masu nema.

Mai neman wata mata ce, Madam Odil, ita da karenta. Na zaci zan ga ƙaton kare. Sai ga wani ɗan abu mai gajerun ƙafafu da dogon jiki, cikinsa na share ƙasa. Ni da ke tsallake titi a Guillotière in na hango kare, yau ga ni a bayan wannan, in ya tsaya in tsaya, in ya juya in juya. Ta fara kai ni inda dabbar ta faɗi jiya. Ta buɗe hankici ta nuna mini abin da ta tsinta a wurin, gajeren gashi da ɓaraguzan ƙashi farare. Ta ce, "Wannan ba ƙashin cinya ba ne, ciki kuma ba ya zubar da ƙashi. Na gaya wa Bernar jiya, bai saurara ba." Na gyaɗa kai kamar wanda bai san komai ba.

Awa uku muna hawa muna sauka. Na faɗi sau huɗu, sau ɗaya a zaune cikin taɓo, takalmin Juma'a ɗaya ya maƙale sai da na tono shi da hannu. Karen bai ko waiwaye ni ba. Ɗigon jini nan, ciyawa a kwance can. Wuri biyar Madam Odil ta nuna mini inda ya kwanta ya sake tashi, kowane wuri ta ce, "Nan ma ya huta." A na huɗun na daina jin gajiyata.

Cikin wani rafi muka same shi, kwance, ruwa har ƙirji, don sanyin ruwa na rage musu zafin rauni. Da ransa. Ya ɗago kai da ƙahon nan ya dube mu, ya yi yunƙurin tashi, ƙafar gaba ta ƙi. Ban taɓa ganin cerf mai rai kusa haka ba, ban san haka suke da girma ba. Madam Odil ta miƙo mini igiyar kare, ta matsa, ta gama masa da harbi ɗaya. Na yi bisimilla a zuci. Hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba, karen na ta fizgar hannuna.

Raunin yana kan kafaɗa, daidai inda ake koya wa kowa ya sa. Da alli aka ba ni in zana wurin, nan zan zana. Faɗinsa ya kai tafin hannu, zurfinsa bai kai yatsa ba. Kan ya sami ƙashi ya watse tun daga waje. Ta dubi raunin, ta dube ni. Ta ce, "Ku ne na shagon?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ni nemowa ce aikina," ta ɗauki waya ta kira maza su zo da igiya.

Rana ta raba aka iso da shi bukka, kowa ya zagaye. Bernar ya durƙusa ya dubi raunin, ya daɗe. Mutum ne mai gaskiya a nasa hali, ya miƙe ya ce, "Harbin ya yi kyau. Na janye maganata." Lusiyan ya fara ɗago kai. Sai Bernar ya ce ya nuna masa sauran harsashin. Tsohon ya zaro daga aljihu ya ba shi. Bernar ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Amma wannan ai na chevreuil ne, Lusiyan, kuma kai ka cika su da hannunka. Ido lafiya lau. Nan ne ya tafi." Ya taɓa goshinsa da yatsa. Silbi ta kama hannun babanta.

Lusiyan ya karɓi harsashin ya kai shi kusa da ido. Ya juyo gare ni, a hankali ya ce, "Wataƙila ban gaya maka daidai ba, Isuf. Kwanan nan ina mance abubuwa." Wallahi ƙofa ya buɗe mini da hannunsa. In yi shiru, in gyaɗa kai, in koma Lyon da sunana. Na dubi ƙofar nan, ba zan yi muku ƙarya ba, na ɗan daɗe ina dubanta. Abin da ya hana ni bi, ba don ya rufa mini asiri ya faɗa ba, ya yarda da maganar ne. A fuskarsa na gani, ya yarda kansa ya tafi.

Na zaro kaye, na buɗe shafin Yuni, na ce, "Daidai kuka gaya mini. Cerf kuka ce. Ni na rubuta wannan." Sai ga ni, da taɓo har ƙugu, ina koya wa Faransawa goma sha ɗaya Hausa a bakin daji. Ba-re-wa. Wani ya ce, "Kalma ɗaya, ta ƙarami da ta babba?" Na ce a'a, harshen yana da kalmomi, ni ne malalaci. Wani ya leƙo ya ce to wannan na sama fa, me yake nufi? Na rufe kayen da sauri, don Mai Tumbi ne da kansa ke tambaya.

Abin da maigida ya gaya mini ranar Litinin ba zan rubuta ba, akwai yara cikin masu karatu. Wata uku bai bar ni na tsaya a kantar shago ba, kuma har yau a ƙauyen nan Mushe Barewa suke ce mini. Amma bari in ƙarasa muku ranar.

Lusiyan bai yi dariya ba. Ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce, "Da ƙarfi. Bernar ba ya ji da kunnen hagu." Na ɗaga murya har karen ya yi haushi. Na ce harbin daidai ne, cikawar daidai ce, ni na zaɓi kan, ya ma tambaye ni na ce masa ni ne fa. Bernar ya cire hula ya miƙa masa hannu. Tsohon ya tashi, ya ɗaura wa dabbar munduwa da kansa, ya karyo ɗan reshe ya sa mata a baki yadda al'adarsu take, kowa ya tsaya, kai a buɗe.

Silbi ta karɓi makullin motata, ta ɗauko bindigar ta miƙa masa. Ya buɗe jakar, ya shafa itacen, ya daɗe. Sannan ya rufe ya miƙo mini.

Ya ce, "Ka sayar. Jiya karɓe ta aka yi. Yau ni na ajiye."

Na riƙe ta hannu biyu, na ce, "Mushe Lusiyan, ku gafarce ni."

Ya ce, "Ni ai na samu abin da nake so, Isuf." Ya nuna dabbar da haɓa. "Ba ni na kwana cikin ruwa ba."

Na ajiye jakar a ƙasa, na je na durƙusa gaban cerf ɗin, na ɗora hannu a wuyansa. Gashin bai gama bushewa ba.